Dattijon da Ya Tauna Taura Biyu

Chuck Bednarik ya tsufa yana faɗa. Duk ɗan jaridar da ya je jin ta bakinsa a jihar Pennsylvania ya san abin da zai tarar: dattijo mai faffaɗar kafaɗa, yatsun hannunsa kowanne ya kama gabansa saboda karaya da gocewa, yana zazzaga wa 'yan wasan zamani masifa. A wurinsa, samarin yanzu kuɗi sun yi musu yawa, aiki ya yi musu kaɗan. Su yi karo uku ko huɗu, sai su ruga gefen fili suna haki. Shi kuwa in ya shiga, sai an busa tashi.

Wasan da yake nufi shi ne zari-ruga irin ta Amurka. Kowace ƙungiya tana sa mutum 11 a fili, amma a zahiri runduna biyu gare ta. In ƙwallo na hannunta, 'yan hari ne a ciki. Da zarar ta kuɓuce sai su fice gaba ɗaya, 'yan tsaro 11 su shigo. Yaro yakan yi shekara huɗu a jami'a bai taɓa leƙa ɗaya rundunar ba.

Nan ne tsohuwar gardamar take tasowa kusan kowace kaka. Koci zai duba ya ga yaron da ya fi kowa gudu da tsalle a ƙungiyarsa ɗan tsaro ne, kuma don tsoronsa abokan hamayya sun daina jefa ƙwallo ta ɓangarensa, har a tashi wasa bai taɓa ta ba. Magoya baya su fara ƙorafi: irin wannan baiwa a bar ta tana gadin kusurwa? A ba shi ƙwallo mana! Wasu kuma su ce a kiyaye, taura biyu ba ta taunuwa. Rayuwar Bednarik tana da abin faɗa ga kowane ɓangare, kuma ba duka ne ya zo daidai da abin da shi kansa yake nanatawa ba.

An haife shi a 1925 a Bethlehem, garin narkar da ƙarfe, iyayensa baƙi daga Slovakiya. Bai cika shekara 21 ba ya riga ya yi sawu 30 a sararin samaniyar Jamus yana riƙe da bindiga a jirgin yaƙi samfurin B-24. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga Jami'ar Pennsylvania, inda daga 1945 zuwa 1948 ya riƙe gurbi biyu da suka fi kowanne shan gwara kai. A hari shi ne ɗan tsakiyar sahu, mai miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa sannan ya tare ƙato da ƙirji. A tsaro kuma yana sahu na biyu, aikinsa kayar da duk wanda ya ratso. Ƙungiyar Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko a 1949. Ya yi mata kaka 14, wasa uku kacal ya rasa. In an tafi hutu sai ya koma sayar da kankare, domin albashin wasa a lokacin ba ya riƙe gida shi kaɗai.

Kakar 1960 ce ta kafa masa suna. Yana da shekara 35, ya riga ya lafa a gefen hari kawai, sai wani ɗan tsaro ya ji rauni, koci Buck Shaw ya ce masa ya shiga ya cike gurbin. Ranar 20 ga Nuwamba ya yi wa Frank Gifford na New York Giants wani mugun karo da ya sa Gifford bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar da ta biyo. Ranar 26 ga Disamba, a wasan ƙarshe da Green Bay Packers, ya yi minti 58 cikin 60 a fili. A daƙiƙun ƙarshe ya kayar da Jim Taylor 'yan yadi kaɗan kafin layin cin maki, ya danne shi har lokaci ya cika. Eagles ta ci 17 da 13, kuma shi ne kaɗai wasan kifa-ɗaya-ƙwala da shahararren kocin Packers, Vince Lombardi, ya taɓa shan kaye a matsayin shugaban masu horarwa.

Abu na farko da ake koya a nan shi ne dalili. Ba don burga Bednarik ya ɗauki kaya biyu ba, kuma ba don magoya baya sun yi ihu ba. 'Yan wasan ƙungiyar ba su kai 40 ba, gurbi ya buɗe, babu wanda ya fi shi. Babbar jami'a a yau tana da yara kusan 100 ko fiye a rajista. Kocin da zai ɗora wa yaro ɗaya aikin mutum biyu a cikin irin wannan taro, sai ya fara faɗa wa kansa gaskiya: rashi ne ya sa, ko kwaɗayi?

Abu na biyu kuwa dattijon bai cika son ambatonsa ba. Raba runduna biyu ba lalacin zamani ya kawo shi ba. Tun yana ɗalibi aka fara. A 1941 aka sassauta dokar canjin 'yan wasa, a daidai lokacin da aikin soja ke kwashe samari. A Oktoban 1945 koci Fritz Crisler na Jami'ar Michigan ya tunkari ƙungiyar makarantar sojan Amurka, mai taurari irin su Doc Blanchard da Glenn Davis, shi kuwa yawancin yaransa sababbin shiga ne. Sai ya ware wasu don hari, wasu don tsaro, yana musanya su. Yaran suka riƙe manya kunnen doki 7 da 7 har cikin kashi na uku, kafin a doke su 28 da 7. Sun sha kashi, amma kowa ya ga abin da hutawa ke yi. A 1953 hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta hana wannan salo, ta tilasta wa kowa buga ɓangare biyu. Zuwa 1965 ta sake buɗe ƙofa gaba ɗaya.

Ma'anar wannan ita ce, a shekarun da kowa ke buga ɓangare biyu, gajiya rabawa ake yi. Kai ka gaji, wanda ke gabanka ma ya gaji. Yau mai buga ɓangare biyu yana isa kashi na huɗu ƙafa ta yi nauyi, ya tarar da wanda ya shafe rabin wasan a kan benci yana shan ruwa. Jikin mutanen ma ya canza. Bednarik bai wuce kilo 106 ba, kuma ƙato ne a zamaninsa. Masu gurbinsa na tsakiyar sahu a yau sukan kai kilo 135.

Akwai kuma batun gurbi, wanda a nan dattijon ya taɓo gaskiya ko da yake da gatse ya faɗe ta. A 1996 Deion Sanders, gwanin gadin masu cafke ƙwallo, ya riƙa buga wa Dallas Cowboys hari ma, ya cafke ƙwallo 36. 'Yan jarida suka fara kwatanta shi da Bednarik, Bednarik kuwa ya ce ko matarsa Emma, Deion ba zai iya kayarwa ba. Cin fuska ne, amma akwai magana a ciki. Mai wasa a gefen fili gudu yake yi, mai wasa a tsakiya karo yake sha kowane zubi. Shi ya sa kusan duk waɗanda suka haɗa ɓangare biyu a manyan jami'o'i cikin shekarun baya-bayan nan 'yan gefe ne: Champ Bailey a Georgia a 1998, Chris Gamble a Ohio State a 2002, Adoree' Jackson a Southern California. Inda dattijon ya kau da kai shi ne, gudun ma yana da nasa farashi. Mai gadi da baya-da-baya yake fara gudu, yana bin wanda ya san inda za shi, kuma taku ɗaya in ya makara maki 6 ne.

Wanda ya gwada a tsakiyar fili shi ne Myles Jack na jami'ar UCLA. A 2013, shekararsa ta farko, ɗan sahu na biyu ne a tsaro, sai rauni ya rage masu gudu da ƙwallo aka ce ya taimaka. A wasa da Arizona ya ɗauki ƙwallo sau 6 ya ci yadi 120. Gasar Pac-12 ta ba shi kyautar sabon ɗan wasa mafi ƙwazo a hari da tsaro duka. Amma bayan wannan kakar aikinsa na hari ya zama na ɗan taimako, ya koma ga abin da aka ɗauko shi dominsa.

Sai Travis Hunter ya zo ya rikita lissafi. Kuma wa ya ba shi dama? Deion Sanders, wanda yanzu shi ma ya manyanta ya zama koci. Hunter shi ne ɗalibin sakandare da aka fi rububi a ajinsa, ya fasa zuwa jami'ar Florida State ya bi Sanders zuwa jami'ar Jackson State, daga can ya bi shi Colorado a 2023. A wasansa na farko a can, da jami'ar TCU, ya shiga karo sama da 120, ya cafke ƙwallo 11, ya kuma ƙwace ɗaya daga jifan abokan hamayya. Mako biyu bayan haka, yana gefen hari, wani ɗan Colorado State ya bangaje shi bayan ƙwallo ta wuce, hantarsa ta tsage, ya rasa wasa uku. A 2024 ya dawo da abin da ba a saba gani ba: cafka 96, yadi 1,258, ƙwace 4, karo sama da 1,300 a kaka ɗaya. Ya lashe kyautar Heisman ta ɗan wasan jami'a mafi fice, ya lashe ta Biletnikoff ta gwanin masu cafka, ya kuma lashe kyautar gwanin 'yan tsaro, wadda tun 1995 sunan Chuck Bednarik take ɗauke da shi. Almajirin mutumin da dattijon ya raina ne ya ɗauki kambun dattijon.

To, ashe taura biyu tana taunuwa? Tana taunuwa, ga mutum ɗaya cikin dubbai, a gurbin gefe, ƙarƙashin kocin da ya taɓa yi da jikinsa kuma yake rage masa atisaye don ya farfaɗo. Ko a hakan akwai asarar da ba a gani a allo. 'Yan hari da 'yan tsaro ɗaki daban suke zama suna nazarin bidiyo, littafin dabaru daban suke haddacewa, sau da yawa a sa'a guda. Mai ɓangare biyu kullum yana rasa rabin wani darasi, ga kuma lacca da jarrabawa suna jiransa, domin ɗalibi ne. Da Jacksonville Jaguars ta ɗauki Hunter a zaɓi na biyu a 2025, ya ci gaba da haɗa biyun. Bayan wasa 7 ya ji rauni a gwiwa a wurin atisaye, aka yi masa tiyata, kakarsa ta ƙare. Babu mai iya rantsuwa cewa yawan aiki ne ya jawo, don irin wannan rauni yana samun masu ɓangare ɗaya ma. Sai dai kowane ƙarin karo ƙarin kasada ne, kuma jikin yaron ne jarinsa.

Wannan ne darasin da Bednarik ya bayar ba da baki ba. Ya rasu ranar 21 ga Maris, 2015, yana da shekara 89, iyalansa kuma sun ce ya daɗe yana fama da ciwon mantuwa wanda suka danganta da dukan da kansa ya sha a fili. Nasarar wasan ranar Asabar, koci ne da jami'a ke fara cin moriyarta. Ciwon gwiwa da na kai, yaron ne zai zauna da su a shekara 60. Tun 2021 ɗan wasan jami'a yana iya samun kuɗi da sunansa, kuma buga ɓangare biyu yana ƙara suna. Hakan ya sa yaro ɗan shekara 19 da wuya ya ce a'a. Dole wani babba a kusa da shi ya iya faɗa a madadinsa.

Tsarin da ya fi jure wa gwaji shi ne na koci Lloyd Carr da Charles Woodson a Michigan a 1997. Woodson ɗan tsaro ne, kuma a nan aka bar shi. Aron sa kawai ake yi zuwa hari in an shiga matsi, ko a sa shi ya karɓi ƙwallon da abokan hamayya suka bugo. Cafkarsa a gefen hari duk kakar ba ta wuce 12 ba, amma kowacce a lokacin da ake buƙata ta zo. A wasa da Ohio State ya cafke jifa mai yadi 37 da ya share hanyar cin maki, ya karɓi bugu ya ruga yadi 78 har gida, ya kuma ƙwace ƙwallo a bakin layin ƙungiyarsa. Aka tashi 20 da 14. Michigan ta gama kakar da nasara 12 ba faɗuwa, Woodson ya doke Peyton Manning a takarar Heisman, ya haɗa da kyautar Bednarik. Da ya zama ƙwararre sai ya tsaya ga tsaro, ya yi kaka 18, ya ƙwace ƙwallo 65, bai ajiye kwalkwali ba sai da ya kai shekara 39.