Ɗakin Tsattsewa a Kent, Tulun Tattabaru a Makarfi

A ƙarshen watan Maris, sanyi bai gama sakin gari ba, na fito da safe na tarar da maƙwabcina a kan tsani. Dattijo ne da ya ba saba'in baya, a wani ƙauye na yankin Kent, kudu maso gabas da Landan, inda nake zaune shekara ta uku ke nan. Wani abu yake kafawa da ƙusa a ƙarƙashin bakin rufi, mai kama da rabin ƙoƙo, launin ƙasa. Na riƙe masa tsanin na tambaye shi ko mene ne. Ya ce ɗaki yake yi wa baƙinsa, nan da sati uku ko huɗu za su iso. Da ya ji daga Najeriya nake, sai ya dakata da aikin ya dube ni, ya ce wataƙila ma daga ƙasarku suke tahowa.

Baƙin nan wata irin tsattsewa ce da Turawan Ingila suke kira house martin. 'Yar ƙarama ce, nauyinta wajen giram 20, bayanta baƙi mai sheƙin shuɗi, cikinta da ƙugunta fari fat. Tana isowa Ingila a Afrilu ko Mayu, ta gina sheƙa da laka a kusurwar bango da rufi. Da bakinta take ɗauko lakar, ɗan dunƙule bayan ɗan dunƙule, har wajen 1,000 kafin sheƙa ɗaya ta tsaya, aikin sati ɗaya zuwa biyu. Ta saka ƙwai huɗu ko biyar, sau da yawa ta yi ƙyanƙyasa biyu a shekara. Satumba ko Oktoba na yi sai ta kama hanya, ta tsallake Bahar Rum da Sahara ta sauka wajenmu. Maganar dattijon nan ba zolaya ba ce. Masu binciken tsuntsaye na Birtaniya sun sa wa dubun dubatarsu zobe a ƙafa, aka yi shekara da shekaru guda ɗaya tak aka samu a kudancin Sahara, kuma a Najeriya aka same ta. Can ƙololuwar sama take kiwon ƙwari idan ta zo, shi ya sa ba mu cika lura da ita ba.

To me ya kai tsuntsuwar da ta iya gini ga jiran ɗakin siminti? Mutanen Ingila da kansu suka jawo, kuma ba sa musu. Bakin rufin gidajen zamani roba ce mai santsi, laka ba ta kama ta da kyau, sheƙa kan faɗo da 'ya'ya a ciki. Kududdufan da take ɗebo laka an shafe su da kwalta. Ƙwarin da take ci sun ragu. Wasu masu gida kuma kashinta ne ba sa so a jikin taga, sai su kakkaɓe sheƙar, duk da cewa dokar ƙasar ta 1981 ta haramta taɓa sheƙar da tsuntsu ke ginawa ko yake ciki. A 2021 aka sa ta a jan jeri, wato sahun tsuntsayen da aka fi jin tsoron ɓacewarsu a Birtaniya. Shi ne ake kwaɓa siminti da garin katako a fitar da siffar sheƙa, a kafa biyu ko uku a jere, domin ba ta son zaman kaɗaici. Ana zaɓar bangon da rana ba ta dukansa sosai, a sa ɗan allo can ƙasa ya tare kashi. Maƙwabcina har faranti yake cikawa da laka ya ajiye a lambu idan ruwa ya ɗauke. A Jamus sun wuce nan: hasumiya ake kafawa mai ɗakuna da yawa a kan dogon ƙarfe, kuma ƙungiyar NABU tana ba mai gida alamar yabo ya manna a bango idan ya bar tsattsewa ta zauna.

A daren ranar da na riƙe wa maƙwabcina tsani na kira Baffana a Makarfi na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, tsuntsun Allah kuma sai an gina masa ɗaki? Me yake ba su?" Na ce, "Baffa, ba ya ba su komai, kallo kawai." Ya ce to lallai suna da hali.

Tambayar Baffa ita ce ta nuna mini inda muka bambanta, domin mu ma gwanayen yi wa halitta masauki ne. Duk wanda ya tashi a ƙasar Ikara, Makarfi ko Kudan ya san tulun da ya tsage ba yasar da shi ake yi ba. Ana kwantar da shi a kan katanga a ɗaure da laka, ko a rataye shi a ƙarƙashin rumbu, tattabaru su shige. Wanda bai samu tulu ba ya huda garwa ko jarka. Kaza tana da akurki. Zuma ana saƙa mata amya, a shafe, a turara, a ɗora a reshen ɗorawa. Amma kowanne da abin da ake jira daga gare shi: 'yan shila na romon mai jego da maras lafiya, kashin tattabaru na zuwa lambun barkono da albasa, amya kuwa ba sai an faɗa ba. Ban ga aibu a wannan ba, dabara ce ta mutanen da ba sa ɓarnar komai.

Tsuntsun da ba namu ba, wani abu daban muke ba shi, kuma a ganina ya fi ɗakin siminti daraja: muna ƙyale shi. Shamuwa ta sauka a tsakiyar gari ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka, ba mai jifan ta, saboda zuwanta bushara ce cewa damina ta ƙarato, a gyara garma a fito da iri. Abin sha'awa, kusan lokacin da tsattsewar Kent ke barin mu ta yi arewa, shi ne lokacin da shamuwa ke isowa daga kudanci da gabashin Afirka. A zauren kakanmu akwai sheƙar laka a jikin azara, ta tsattsewar gida wadda a wajenmu take ƙyanƙyasa. Kullum akan share kashinta da safe tare da sauran shara, ban taɓa jin wanda ya ce a cire ta ba. Yaron da ya ɗaga danƙo wajen, rankwashi ne rabonsa. A makarantar allo ma an karanta mana yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauka. Ba mu gina wa tsattsewa ɗaki ba saboda ginin namu kansa ɗakinta ne: bangon ƙasa mai kaushi, azara, jinka, zaure a buɗe wuni guda, ga fadamun rake cike da laka da ƙwari.

Wannan ne ke ƙarewa, kuma na gani da idona a zuwana gida na ƙarshe. An rushe zauren an yi shago na bulo. Rufin kwano ya sauko an toshe bakinsa ruf, ciki silin roba, irin wadda ta kori tsuntsun nan a Ingila. Tsamiyar da shamuwa ke sauka an sayar wa masu itace. Feshi kuwa daga tumatir zuwa masara ba gonar da ta tsira, kuma ƙwaro idan ya ƙare, mai cin sa ma ya ƙare. Ba na cewa a koma ginin ƙasa. Wanda gara da mamakon Agusta suka taɓa kayar masa da ɗaki ya san abin da ya sa ya sayi siminti. Abin da nake cewa, hanyar da mutanen Ingila suka bi har suka wayi gari suna sayen sheƙa a kanti, ita muka hau, kuma da gudu.

Kada kuma wani ya ce yi wa tsuntsu ɗaki bidi'ar Turawa ce. A Istanbul, a jikin Masallacin Ayazma da aka gina a ƙarni na 18, Turkawa sun sassaƙa wa tsuntsaye 'yan gidaje na dutse masu tagogi, suna nan har yau.

Ita tsattsewar Kent ba ta ƙyanƙyasa a ƙasarmu, don haka kafa mata sheƙa a Paki ko Hunkuyi aikin banza ne. Tamu ce ke buƙata, kuma abin da take nema kaɗan ne. Magina, idan kuna shafe, ku bar tafin hannu ɗaya mai kaushi a ƙarƙashin bakin rufi, a bangon da ba ya shan rana. Mai gida, idan ka ga ta fara kai laka barandarka ko ta masallacin unguwa, kafa ɗan katako a ƙasa ya tare kashin, ka bar ta. Masu unguwanni da dagatai, bishiyar da shamuwa ta saba sauka a kanta ku hana a sare. Maƙwabcina ɗakuna uku ya kafa, biyu sun samu baƙi a watan Mayu. Ya roƙe ni in gaya wa mutanenmu su kula masa da su idan sun iso, kuma ga shi na isar.