Kafin mu taɓa asusu: maganar fedar gangar lantarki



A cikin kayan da ƙungiyarmu ta mallaka, babu wanda ake yawan magana a kansa a wurin taro kamar gangar lantarkin da matasanmu ke koyon kiɗa da ita. Dalilin sayenta kowa ya sani. A Karu gidaje manne suke da juna, wanda ya ajiye gangar bature ta gaske a ɗaki ba zai yi mako guda lafiya da maƙwabta ba. Ta lantarki kuwa, yaro ya toshe kunnensa da abin sauraro ya yi ta bugu, ba wanda ya sani.

Kwanan baya yaran suka kawo ƙorafi cewa fedar hai-hat ta mutu, a fitar da kuɗi a sayo sabuwa. Wasu daga cikin manyanmu suka ce a nemo wanda ya lalata ya biya, har an fara nuna wani yaro da ke zuwa daga Jikwoyi, don ya fi kowa zama a kanta. Da yake littafin kaya a hannuna yake, na roƙi kwamiti ya ba ni mako guda. Na zauna da yaran, muka bi abin daki-daki. Ga abin da muka gano, don na san akwai masu irin wannan ganga a ƙananan situdiyo na Nyanya da Mararaba.

Ga wanda bai sani ba, hai-hat faifan ƙarfe ne guda biyu, ɗaya kife a kan ɗaya, makaɗi yana haɗe su ko ya raba su da ƙafar hagu. In ya take feda sosai, ƙarar ta fito a taƙaice, tsaf. In ya ɗaga ƙafa, ta saki ta yi tsawo. Amma daɗin kiɗan yana tsakanin waɗannan biyun, inda ƙafa ke sassautawa kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kalangu a bikin mahauta ya san wannan. Sanda ce ke bugu, amma hammata ce ke sa gangar magana, gwargwadon yadda aka matse tsarkiya ko aka sake ta. Da za a hana mai kalangu matsa gangarsa, da makaɗan Mamman Shata ba su yi suna ba. To aikin hammata a kalangu, shi ne aikin ƙafa a hai-hat.

A gangar lantarki faifan ba ya ba da ƙarar kansa, saƙo yake aikawa. Feda ta aika wa akwatin gangar, akwatin ya aika wa kwamfuta, manhaja irin su EZdrummer ko Addictive Drums ta fitar da sautin. Yaren da suke magana da shi sunansa MIDI, tun 1983 ake amfani da shi. A tsarin General MIDI na 1991, kowane bugu yana da lambarsa: 42 hai-hat a rufe, 46 a buɗe, 44 kuma ƙarar takun ƙafa kaɗai. Matsayin ƙafar kuwa ta wata hanya dabam yake tafiya, wadda ake kira CC4, mai ƙirga daga 0 zuwa 127. Sifili a buɗe ke nan, 127 a matse gam. Saƙo biyu ke nan ke tafiya tare, kuma ɗaya na iya isa ɗayan ya ɓata a hanya.

Don haka abin da ya kamata a fara yi shi ne a cire kwamfuta gaba ɗaya, a saurari sautin akwatin gangar shi kaɗai. In faifan yana buɗewa yana rufewa daidai a nan, feda lafiyarta ƙalau, matsalar tana gaba. Namu ya rufe tsaf. A wannan minti ɗayan aka wanke yaron da ake zargi.

In kuwa tun a akwatin abin bai yi ba, sai a duba waya. Wasu fedojin suna son kan waya mai baƙin zobe biyu, yara kuma sukan ɗauko wayar jita mai zobe ɗaya su cusa don ta shiga ramin. A duba ƙura ma, domin hunturun Abuja ba ya barin komai. Sannan a san irin fedar da ke hannu. Masu araha da yawa makunni ne kawai, ko a buɗe ko a rufe, babu tsaka-tsaki, kuma babu saitin da zai sa su yi abin da ba a ƙera su don shi ba. Haka nan fedar wani kamfani ba lallai ta dace da akwatin wani ba.

Mataki na gaba, a ga abin da ke isa kwamfuta da ido. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna MIDI-OX da ke nuna kowane saƙo a rubuce. Muka sa yaro ya taka feda a hankali muna kallon lambobi suna hawa. Suka tashi daga sifili, suka tsaya a 90, duk ƙarfin da ya sa ba su wuce nan ba. Nan gizo ke saƙa. Akwai akwatunan da aka tsara su tsaya a 90, ita kuwa manhajar da muke amfani da ita tana jiran lamba ta matso 127 kafin ta yarda an rufe. Yaro yana taka ƙarfe har ƙafarsa ta yi tsami, manhaja tana ganin bai gama rufewa ba.

Maganin bai ci ko sisi ba. A cikin saitin manhajar akwai wurin zaɓar irin gangar da aka jona, akwai kuma wurin faɗa mata inda feda ke farawa da inda take ƙarewa. Muka zaɓi namu, muka ja iyakar ta dawo 90, faifai ya rufe. Wannan zaɓin yana warware wata matsalar kuma. Gangunan Roland, alal misali, suna aika 22 da 26 in an bugi bakin faifan, lambobin da babu su a jerin gangunan General MIDI, wanda ya fara daga 35. Manhajar da ba a gaya wa irin gangar ba sai ta yi shiru, mai bugu ya ɗauka faifan ne ya mutu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka kusa yanke wa ɗan mutane hukunci a kan lamba. Kuɗin asusu gumin 'yan ƙungiya ne, daga mai shago a kasuwar Karu har ma'aikacin da ke fita da asuba don tsere wa cunkoson Nyanya. Da an sayo sabuwar feda, ita ma a 90 za ta tsaya, mu yi asarar kuɗi, mu yi asarar yaro mai hazaƙa. Bincike ya fi zargi, kuma a harkar na'ura binciken ba ya wuce a bi saƙo daga inda ya taso zuwa inda ya maƙale.

Na rubuta matakan nan huɗu a takarda na manna a jikin bango kusa da gangar: akwati shi kaɗai, waya, lambobi, saitin manhaja. Shawarar da zan kai wa kwamiti a zama mai zuwa ita ce, kada a sake sa hannu a takardar sayen wani kaya, ko lasifika ce ko janareta, sai mutum biyu sun gwada shi sun rubuta abin da suka gani. Wanda kuma ke fama da irin wannan matsala a tasa gangar, ya zo ranar atisaye da kwamfutarsa, yaranmu yanzu sun iya, za su nuna masa kyauta.

Allah ya ƙara mana haɗin kai.

Sakataren ƙungiya