Dodon Cikin Tele Da Yaranmu Na Zango

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi a zaurukanmu da bakin masallatai, tun daga zangon Sokode har zuwa Dapaong, wato maganar tsofaffin finafinan ban tsoro da wasu tashoshin talabijin ke maimaitawa da dare. Wasu iyaye na cewa a kashe akwatin da zarar an ji kiɗan nan mai tayar da tsikar jiki, domin yana hana yara barci, yana kuma cusa musu abin da ba namu ba. Wasu kuwa cewa suke yi ai wasa ne kawai, a ƙyale yaro ya sha kallonsa. Ni malamin makaranta ne, kuma da kallon irin waɗannan finafinai na tashi, shi ya sa na ga ya dace in sa baki. A ganina duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Abin dubawa shi ne wane ne ke zaune kusa da yaron sa'ad da yake kallo, kuma da wane harshe ake yi masa bayani.

Gardamar ma ba ta yau ba ce. Tun a 1966 Moustapha Alassane, mutumin Nijar, ya yi wani gajeren fim mai suna Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi garinsu. Ke nan tun kakanninmu na da ƙarfinsu ake fargabar abin da silima ke yi wa matasa.

Gidan talabijin na ƙasa, wato TVT, ya fara aiki a Lome a 1973, amma mu da muka tashi a Sokode, fiye da kilomita 300 daga babban birnin, sai wajen ƙarshen shekarun 1980 akwatin ya zama abin da yaro zai gani a layinsu. A namu layin gida ɗaya ne ke da shi, gidan wani tela, kuma baƙi da fari yake nunawa. Bayan sallar lisha sai a fito da shi tsakar gida a ɗora bisa teburin ɗinki, a shimfiɗa tabarmi, yara a gaba, mata daga gefen ɗakin girki, maza a kan benci. Daga baya na'urar bidiyo ta shigo gari, aka buɗe ɗakunan kallo inda yaro ke biyan dala biyar ya zauna. Amma a wurinmu, ko daga Lome hoton ya zo ko daga kaset, duk sunansa tele.

To, ga inda gizo ke saƙa. Labarai ana karanta su da Faransanci da Ewe da Kabiye. Finafinan Turawa da Faransanci suke magana, na Indiya kuwa da harshensu. Iyayenmu mata ba su shiga lakwal ba, mu kuma Faransancinmu bai wuce na gaida malami ba. Saboda haka dole a sami mai fassara, kuma a gidan nan babban ɗan telan ne, wanda ya yi 'yan shekaru a kwaleji. Yakan zauna dab da akwatin, rabin fuskarsa na kallon hoto, rabi na kallonmu. Shi ne zai fara gaya mana wane ne akta, wane ne shef-bandi, sa'an nan ya bi labarin daki-daki da Hausa.

Fim ɗin da ya fi zama a raina shi ne Dracula na 1958, wanda kamfanin Hammer na Ingila ya yi, inda Christopher Lee ya fito a matsayin dodon, Peter Cushing kuma likitan da ke farautarsa. Fim ne mai launi, an ma san shi da jan jininsa, amma a akwatinmu jinin baƙi ƙirin yake fitowa kamar tawadar allo. Ku dubi aikin da ke gaban mai fassara. Mutum ne ke kwana cikin akwatin gawa, alhali mu makara da likkafani muka sani, sai da ya tsaya ya bayyana mana yadda Nasara ke binne matattunsu. Da aka tambaye shi ko wannan aljani ne ko fatalwa, sai ya ce, "Maye ne, amma mayen Turawa. Namu kurwa yake kamawa, nasu jini yake sha." Nan take tsakar gida ta fahimta. Da aka nuna dodon na gudun furen tafarnuwa, wata tsohuwa ta ce ashe maganinsa na nan cikin kwandon miyarta, aka kwashe da dariya, yaran da suka ɓuya bayan zanen uwayensu suka leƙo. A ƙarshe likitan ya fizge labule, hasken rana ya faɗa wa dodon ya zama toka. Mai fassara ya kaɗe hannu ya ce, "Ƙurunƙus."

Wannan kalma ita ce gishirin zancena. Da ita kakanninmu ke rufe tatsuniya, kuma ba mu taɓa jin kallon nan ya bambanta da tatsuniya ba. Da dare ake yi, a tsakar gida, babba ke ba da labari, akwai dodo, akwai kuma lokacin da ake cewa ya ƙare. Daga nan mu kama hanyar gida a ayari, manya riƙe da hannun ƙanana, in jemage ya tashi daga bishiyar mangwaro a zuba da gudu ana ihu ana dariya. Wanda tsoro ya bi shi har shimfiɗa, kaka za ta sa shi ya karanta Falaƙi da Nasi ya tofa a hannu ya shafe jiki. Da yawa daga cikinmu a irin waɗannan darare ne Ayatul Kursiyyu ta zauna mana daram, fiye da yadda bulalar makarantar allo ta zaunar da ita.

Sai da na shiga makarantar horon malamai a Notse na gane wani abu kuma. An koya mana cewa yaro ya fi riƙe kalmar da ya ji a lokacin da hankalinsa ya tattaru wuri guda, kuma harshe yana zama a bakinsa ne idan ya sake ba da labari da kansa. To, mu Hausawan Togo ba a koyar da harshenmu a aji. Gyaran tsarin ilimi na 1975 Ewe da Kabiye ya ɗauka. A kasuwar Sokode Kotokoli muke ji, a ta Dapaong Moba da Gurmanci, a makaranta Faransanci. Ina yaron zango zai ji kurwa, da fatalwa, da kushewa, da surkulle, da alhaki, da ramuwar gayya? Mu a gaban akwatin nan muka ji su. Washegari kuma a hanyar rijiya ko ta makaranta sai mu mayar wa waɗanda ba su samu zuwa ba, kowa na ƙara nasa gishiri. Darasin Hausa ne sosai, ko da yake ba wanda ya kira shi haka.

Su kansu tsofaffin finafinan sun dace da wannan aiki, domin kuwa ba sa gaggawa, maganarsu kaɗan ce, kuma abin da suke ɓoyewa ya fi wanda suke nunawa. Nosferatu, wanda Murnau ya yi a Jamus a 1922, ba a magana a cikinsa ko kaɗan. Inuwar dodon kawai ake gani tana hawa matakala da dogayen farata, kuma carar zakara da fitowar rana ne ajalinsa. A Dracula na 1931, na Bela Lugosi, ba a nuna fiƙa ba, ba a kuma nuna cizo ba. Ana isa wurin sai hoto ya dushe. Waɗannan gurabe da aka bari su ne mai fassara ke cikewa, gwargwadon shekarun masu sauraronsa. Haka Nagin na Indiya, na 1976, labarin macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace tana bin waɗanda suka kashe mijinta ɗaya bayan ɗaya. Iyayenmu mata ba su sha wahalar gane shi ba, don akwai irinta a tatsuniyoyinmu.

Wani lokaci kuma fassarar kan wuce ban tsoro ta zama tarbiyya. A Frankenstein na 1931, inda Boris Karloff ya fito a matsayin halittar da wani mai ilimi ya harhaɗa daga sassan gawawwaki, mutanen gari sun ɗauko wuta suka bi shi har wani gidan niƙa suka cinna masa. Mu yara muna ta tafi. Sai telan da kansa, wanda ba ya cika magana ba, ya ce, "Ku dakata. Shi ya roƙa a yi shi? Wanda ya yi shi ya gudu ya bar shi, ga shi baƙo, ba ya jin harshen kowa. Ku dai ku ji tsoron taron da ya ɗauko wuta." A lokacin ban gane nisan maganar ba. Amma duk wanda ya girma a zango, inda komai daɗewar kakanninsa a gari ana iya tashi wata rana a kira shi baƙo, zai gane ta.

Yanzu mu dubi halin da ake ciki. Akwatin ya shiga kowane ɗaki, faranti na bisa kowane rufi, waya kuma na hannun kowane saurayi. Akwai alheri a ciki. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta kawo Hausa har cikin gidajenmu, ga kuma finafinan Indiya da ake fassarawa a Kano, irin na Algaita. Sai dai mai fassarar da ke cikin na'ura ba ya ganin fuskar ɗanka. Bai san lokacin da ya kamata ya sassauta ba, bai san lokacin da zai jefa abin dariya don yaro ya saki numfashi ba.

Abin da ya fi damuna kuwa a Dapaong na gan shi, inda aiki ya kai ni. Tun daga harin Sanloaga a yankin Kpendjal cikin Nuwamba 2021, da na daren 10 ga Mayu 2022 inda aka kashe sojoji 8, har aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Savanes cikin Yuni 2022, tsoro na gaske ya shigo arewacin ƙasar nan. Mun karɓi yara a azuzuwanmu waɗanda iyayensu suka baro ƙauyukansu da 'yan ƙunshin kaya. Akwai wani yaro ɗan shekara 10 da ya riƙa gyangyaɗi a ajina kusan mako guda. Da na ja shi gefe na lallashe shi, sai ya ce a wayar yayansa ya ga hoton gawawwaki da aka turo ta WhatsApp, shi kaɗai, cikin duhu, kuma bai gaya wa kowa ba don kada a ce ya taɓa wayar. A gidan su yaron an hana kallon fim ɗin dodo. An tsare ƙofa, ɓarawo ya shigo ta taga. Wannan hoto ba shi da mai fassara, ba zakaran da zai yi cara a ƙarshensa, ba kuma wanda zai ce ƙurunƙus.

Ba ina cewa Dracula zai warkar da yaron da ya ga abin da ya gani ba. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya saba jin tsoro a gefen babansa, ya saba faɗin abin da ya tsorata shi da harshen gidansu, shi ne zai zo ya faɗa ranar da ya gamu da na gaske. Wanda kuwa aka saba kashe masa akwati a kore shi ɗaki, ya koyi cewa tsoro abin ɓoyewa ne.

Saboda haka ga 'yar shawarata ga iyaye da yayye. Da farko a tantance, don ba kowane tsohon fim ne na yara ba. Irin su The Exorcist na 1973 ko Evil Dead na 1981 ko babba sai ya shirya, kada a kusantar da yaro gare su. A fara da na dariya, kamar Charlie Chaplin da muke kira Sharlo, wanda ya dafa takalminsa ya ci a fim ɗinsa na 1925, sa'an nan a matsa zuwa na baƙi da fari masu inuwa. A zaɓi daren da babu makaranta washegari, bayan an yi salla an gama aikin gida. A rage ƙarar akwatin, babba ya zauna ya fassara da Hausa. Wanda bai ji Faransanci ba kada ya ji kunya, ya juya abin, ya sa ɗan lakwal ya fassara masa, shi kuma ya riƙa gyara masa Hausar. Na gwada wannan da 'ya'yana, kuma a nan na gane kalmomin da suka ɓace musu. A nemi namu na da ma, kamar Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kuma gyara shi aka sake nuna shi a Berlin a 2018. Shi ba ya bukatar fassara, amma yana bukatar dattijon da zai yi bayanin zamanin bauta da fatauci.

In an gama kuma kada a watse shiru. A tambayi yara wa ya ba su tsoro, wa ya ba su tausayi, a bar su su yi gardama. A kira 'ya'yan maƙwabta, ko na Kotokoli ne ko na Moba, tabarma ba ta ƙin baƙo. Daga nan a yi musu addu'a a raka su gida.

Allah ya tsare mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.