Kujerun Gwaggo

A watan Disamba na 2020, kwanaki kaɗan bayan an kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, Gwaggo ta ce ita kam zaman ƙauyensu ya ƙare. Ta kama ɗaki ɗaya a Funtua, wanda ko gadonta da kyar ya shiga. Kujerunta na kushin guda uku, doguwa ɗaya da ƙanana biyu, aka ɗora a amalanke aka kawo gidanmu a Damari. Ta ce wa Inna, "Yaya, aro na ba ku, ku yi ta zama a kai. Ranar da na buƙata zan aiko." Marigayi mijinta ne ya saya mata su.

To, gidanmu yara biyar ne, ga kyanwa, ga kaji masu shiga ɗaki ba sallama. Auta ya mayar da doguwar wurin barcin rana, fitsari ya ratsa har cikin soso. Yayyensa suka yi ta tsalle a kai har robar ƙasa ta tsinke, tsakiya ta lotsa. Kyanwa kuwa ta sami wurin wasa farce a hannun ƙaramar, ta yage yadin. Duk ɓarnar da aka yi sai Inna ta yafa zane a kai, a wuce wurin.

Ina gida hutu Gwaggo ta bugo waya: an sa ranar auren 'yarta bayan babbar salla, kuma da kujerun nan za a yi mata jere, don ba ta da halin sayen sababbi. Daren nan Inna ba ta rintsa ba. Da safe ta ce a ɗinka musu riga a mayar haka nan. Baba ya ce, "A'a. Ranar da amarya ta cire rigar wanki fa, da wane ido za mu kalle su?"

Ni aka ɗora wa aikin. Na kira wani kafinta mai gyaran kushin, na zama yaronsa na kwana huɗu. Muka kifa doguwar, muka ɓalle baƙin ƙyallen ƙasa, ya ja sabuwar roba ya buga. Soson da fitsari ya ci muka yar, don wanki ba ya raba tsohon soso da zarni. Yadin kuwa muka goge da ruwan sabulu kaɗan, muka shanya a inuwa, don rana tana koɗar da launi. Da aka rasa irinsa a kasuwa, sai ya yanko na bayan kujerar, wanda ke jingine da bango, ya rufe hannun da shi, bayan kuma ya sa wani. Ya ce tun farko da mun shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen, mun ajiye wa kyanwa guntun icce ta riƙa karta, da ba a kai ga haka ba. Rabin kuɗin guzurina na zangon nan can ya tafi.

Mafi wuya shi ne kiran Gwaggo. Na faɗa mata komai, har yadin da aka canza. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, gidana na bari gaba ɗaya, kujera ce za ta ɗaga mini hankali? Allah ya yi maka albarka da ka faɗa."

Nan hostel kullum cikin aro muke: risho, bokiti, dutsen guga, caja. Satin da ya wuce na ƙona wayar hitar maƙwabcina. Kafin ya dawo daga lacca na kai an gyara, da ya shigo kuma na faɗa masa.