Ina Macen Da Aka Cuta Za Ta Dosa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana 'yan kasuwa da ma'aikata, kun sani a al'adarmu idan miji ya matsa wa matarsa da duka ko horon yunwa, takan yi yaji ta tafi gidan ubanta har a zo biko, manya su tsawata wa mai laifi. Wannan ita ce mafakar da muka gada. To, amma tun wajen shekarar 2011 da ɓarayin daji suka addabi ƙasar Zamfara, ƙauyuka da yawa a yankunan Zurmi da Shinkafi sun watse, uban da za a gudu wurinsa shi ma yana raɓe a kangon wani a Ƙaura Namoda ko Gusau. Na fi shekara ashirin ina sulhunta ma'aurata a zaurena, kuma abin da nake yawan ji a bakin mata yanzu shi ne sun haƙura da dukan ne don ba su da wurin kwana.

Wasu almajirai suna ganin keɓe wa irin waɗannan mata gida baƙuwar al'ada ce mai kashe aure. Sai su koma ga littattafanmu. A Muhtasar na Shehu Halilu, wanda alƙalanmu suke hukunci da shi, an bayyana cewa idan mace ta yawaita ƙarar cutarwa alhali ba ta da shaida, alƙali zai zaunar da ma'auratan tsakanin mutanen kirki da za su gane wa idonsu. Idan cutar ta tabbata, Malikiyya sun ba ta damar a raba auren ko da mijin bai so ba. Alƙalan ƙasashen Magriba kuwa sun kasance suna ajiye mai ƙara a gidan wani amintacce har a gama bincike. Ashe gidan amana yana da asali a fiƙihunmu, kuma a cikinsa ne wakilan nan biyu da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta umarta za su yi sulhu ba tare da mace tana tsoro ba.

Sai dai ɗaki kaɗai ba ya isa, domin wadda ba ta da sana'a yunwa za ta mayar da ita hannun mai dukanta. Uwar Muminai Zainabu 'yar Jahshi jima take yi da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Mu ma a haɗa karatu da ɗinki da saƙa da matsar man gyaɗa.

Shawarata ita ce, a kowane ɗaya daga garuruwan nan wani attajiri ya ba da gida wakafi, a damƙa shi ga dattijuwa amintacciya, bisa sanin alƙali da sarki da dangin matar. 'Yan kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis su sayi keken ɗinki, su kuma riƙa sarin kayan da matan suka yi. Ma'aikata su kai maganar gaban Hukumar Zakka da Wakafi da ta Hisba. Jihar da ta fara aiki da Shari'a a 2000 ita ta fi cancanta ta nuna cewa Shari'a tana kare mai rauni.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.