Kufayin Mutanen Da a Ƙasar Zamfara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in gaya wa 'yan'uwa abin da na gani a Birnin Tudu.

Da kaka na tashi daga Talata Mafara zan tafi Bakura, na ya da zango a can. Da la'asar mai masaukina, wani dattijo, ya kai ni gonarsa. Ya nuna mini wani dogon tudu wanda ya miƙe ya karkata kamar baka, ya ce ganuwar mutanen da ce. Ga tsofaffin kukoki, ga ramukan karofi sun cike, tsingaro kuwa ko'ina garma ta bi sai ta tono. Na tambaye shi wa ya gina, ya ce kakansa ya sani, shi bai riƙe ba. Muna tsaye samari suka zo da jakuna, suna ɗibar ƙasar ganuwar su yi tubali.

Abin ya tuna mini da arewacin Ingila. Rumawa sun fara gina wata ganuwa can a shekara ta 122, bisa umurnin sarkinsu Hadiriyan, tsawonta mil 73, har yau ana zuwa kallon ragowarta. Mutanen Danmak suka ci birnin Yok a 866. Da aka haƙa wata unguwa tasa daga 1976, aka sami gidajensu na katako da takalma da matazai, aka adana. To, waɗannan fa baƙi ne da suka zo da yaƙi. Namu kuwa na kakanninmu ne.

Ba mu rasa abin nunawa ba. Ga Surame, birnin Kanta na Kabi, da ganuwarta ta duwatsu. Ga Alƙalawa ta Gobirawa, wadda ta faɗi a 1808. Waɗannan sunansu ya shiga littafi. Ƙananan kufayi irin wanda na gani su ne abin tausayi, balle tun da ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, ya rufe ƙauyuka a wajen Maradun.

Ina roƙon Sarakunan Mafara da Bakura da Maradun, Allah ya ja zamaninsu, su umurci hakimai su hana ɗibar ƙasar ganuwa, malaman makaranta kuma su zauna da tsofaffi su rubuta sunan kowane kufai tun da sauran masu tunawa.

Wassalam.

Naka,
Wani Matafiyi, Talata Mafara.