Kazaure: Garin Duwatsu, Ruwa Da Masu Turin Fim

Masu karatu, duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Daura ya ga Kazaure, sai dai da yawanmu ta tagar mota kawai muka san ta. Da ka wuce Dambatta, tafiya kaɗan za ka fara hango duwatsu, to ka shigo Jihar Jigawa, ƙasar Ɗantunku, wanda ya kafa masarautar wajen 1819. Sarki Najib Hussaini Adamu ya hau karagar a 1998. Ƙananan hukumomi 4 ne a masarautar: Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Ita kuwa Babura, duk da maƙwabtaka, a ƙarƙashin Ringim take, can bakin iyakar Nijar.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yawan matasa. Dalili? Makarantu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda Gwamnatin Tarayya ta karɓa daga hannun jiha a 2007, ga kuma makarantar koyon kwamfuta da aka buɗe zamanin Gwamna Saminu Turaki, ɗan garin, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007. Babura ma ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Ɗalibai kuwa ai kasuwa ne: mai shayi, mai abinci, ɗan acaɓa, tela, mai POS, kowa na lasawa. Da an tafi hutu, kowa sai ya ji a aljihunsa.

Sai madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba. Nan masunta ke jefa koma, manoman rani ke ban ruwa, da yamma samari su fito shan iska. Wallahi wurin kamar an yi shi don kyamara!

To ina maganar fim? A farkon shekarun 2000, ɗan kasuwa kan tashi takanas ya je Bata ko Ƙofar Wambai a Kano ya saro kaset, ya dawo ya ba da haya. Kaset ya tafi, faifan CD ya zo, shi ma ya bi sahu. Yanzu zamanin masu turi ne. Ɗan shago ƙarami, kwamfuta ɗaya, janareta ko sola, da allon caji cike da wayoyi. Mutumin ƙauye ya shigo cin kasuwa, ya miƙa waya a yi mata caji, kafin ya gama cefane an zuba masa Labarina, Izzar So da fassarar Indiya. Inda sabis ba ƙarfi, data kuma ta yi tsada, mai turi shi ne YouTube ɗin gari.

Nan fa gizo ke saƙar. Wannan sana'a tana ciyar da gidaje, ta hana samari da yawa zaman kashe wando ko gudu birni. Amma furodusan da ya zuba jarinsa, me ke komawa gare shi? Idan mai fim ya karye, mai turi me zai tura? Idan kuma aka rufe shagunan, ina waɗannan yara za su nufa? Kamata ya yi ƙungiyoyin ɓangarorin biyu su zauna su fitar da tsarin da kowa zai samu, tun da tsintsiya ɗaya ake.

Sannan ku daraktoci, don Allah ku riƙa fitowa daga falon Nassarawa. Ga duwatsun Roni, ga ruwan Kazaure, ga gidajen ƙasa na ainihi. Ranar da kuka sauka da ma'aikata, mai masauki da mai tuwo za su shaida. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma Kazaure na cikin tashoshin da aka tsara. Wanda ya riga zuwa, shi zai kama wuri mai kyau.

Allah Ya kai mu wata mai zuwa lafiya.